Sharhi: Bakin ruwanmu tabki ne, mun kuwa mayar da shi juji

Duk ɗan Damargu da ya yi ci-rani a Aljas, Tarabulus ko Kwatano ya san irin unguwannin nan na bakin teku: tsofaffin gine-gine, gidajen abinci a jere, shaguna a buɗe har tsakar dare, magidanta da iyalansu na ta kai da komo. Hotunansu sun cika Facebook da WhatsApp na samarinmu, galibi da tambaya guda a ƙasa: yaushe za mu ga irin wannan a gida?

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya. Tanut da Belbeji ba su da teku, ba su da kogi kamar yadda Yamai ke da kogin Isa. Abin da Allah Ya ba su shi ne tabki, wanda ke cika da damina ya ƙafe kafin bazara. Tarihi kuwa akwai shi. Damargu ce rumbun geron Abzin, ta nan ayarin fatake ke bi tsakanin Kano da Tarabulus, kuma a nan Heinrich Barth ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairun 1851. Sai dai baƙo zai ratsa Tanut kan hanyarsa ta Agadas bai ga ko allo ɗaya da ya gaya masa haka ba.

Tsohuwar unguwa mafi kusa da za a kai baƙo ita ce Birni a Damagaram, inda fadar Sarki take, da ragowar ganuwar Sarki Tanimun, da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Daga can ga Zango, masaukin ayari na da. Tun 2006 Nijar ta sa Birni a jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su. Agadas ta samu shiga a 2013, Birni har yau tana jira.

Ruwan da ke cikin birnin shi ne kududdufan da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini. Su ke shanye ruwan sama idan ya sauko da ƙarfi. Yau leda da shara sun cika da yawansu, wasu an cike su an yi gini, sauran sun zama gidan sauro. A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Ba mu ce shara ce ta kayar da masallacin ba. Amma unguwar ƙasa da ruwa ba shi da wurin zuwa, kowace damina cikin fargaba take.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, wurin shan iska na yamma ba da babban otel yake farawa ba. Yana farawa da yashe tabki, da magudanar ruwa, da fitilu masu aiki da hasken rana, da itatuwa, da masu gadi. Idan aka yi waɗannan, mai tsire da mai kilishi da mai shayi da mai fura ba sai an gayyace su ba. Dukawa da maƙeran azurfa su ma za su samu inda za su baje kayansu bayan magariba, lokacin da zafi ya sauka kuma mai saye ya samu sukuni.

Mun san akwai iyaye da malamai da ke jin an ce hirar dare sai gabansu ya faɗi. Damuwarsu ba ta banza ba ce. To amma samari ai suna hirar daren tun tuni, a fadojin da ke kowane lungu, da butar shayi, sau da yawa cikin duhu. Fili mai haske da uwa za ta iya zuwa da ƴaƴanta, wanda hukumar gari ta sa wa lokacin tashi, ya fi lungun da ba wanda ke gani.

Tanut da Belbeji suna da damar da Damagaram ta fara rasawa, domin filayen gefen tabkunansu ba su ƙare ba tukuna. Belbeji ta zama gunduma ne a 2011, shekarar da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a ƙaramar hukumar Olelewa cikin gundumar Tanut. Garuruwan na girma, dillalan filaye kuma ba barci suke ba. Ya kamata hukumomi su shata gefen tabkunan yanzu, a rubuce, kafin a yanka su a sayar. Ƴan ci-ranin da ke haɗa kuɗi a ƙungiyoyinsu na iya ɗaukar nauyin fitilu da dashen itatuwa, su kuma nemi a nuna musu takardar filin kafin su tura ko dala.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a taɓa ba. Tabkin Damargu mashaya ce kafin ya zama wurin hira. Duk tsarin da zai katange ruwa ya toshe burtalin da Fulani da Buzaye ke bi da dabbobinsu, rigima zai haifar, kuma dole a zauna da shugabanninsu tun kafin a kafa turke na farko.