SHARHI: Raƙuman iskar sararin Arewacin duniya da abin da ya haɗa su da Kasuwar Bodija

A daren 10 ga Mayun 2024, duniya ta ga guguwar rana mafi ƙarfi tun bayan ta Oktoban 2003. Hasken nan mai launin kore da ja, wanda aka saba gani a sararin Norway da Kanada, ya gangaro har ƙasashen da ba su san shi ba. A Amurka manoma da dama sun dakatar da shuka, domin na'urorin GPS da ke jagorantar taraktocinsu sun rikice. A Najeriya an karanta labarin a matsayin abin al'ajabi na ƙasashen ƙanƙara, aka wuce. Sai dai abin da ke faruwa a samaniyar can ba ya tsayawa a can.

Iska tana da raƙuma kamar yadda ruwan tafki yake da su. Idan wani abu ya tura iska sama, ko dutse ne ko hadari ko zafi, nauyinta yakan dawo da ita ƙasa, ta zarce inda ta taso, ta sake hawa. Wannan hawa da sauka shi ke bazuwa ya zama raƙumi. Da yake iska tana ƙara sirancewa a sama, raƙumin da ya tashi ƙarami yakan girma yayin da yake hawa. Masani ɗan Kanada, Colin Hines, shi ne ya bayyana a 1960 cewa waɗannan raƙuma ne ke girgiza ayonosfiya, wato sashen sama mai ɗauke da cajin lantarki, daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000.

A yankunan da ke kusa da ƙuryar Arewa da ta Kudu, lamarin ya fi tsanani. Idan guguwar rana ta bugi maganaɗisun duniya, wutar lantarki mai yawa takan kwarara a sama da kilomita 100, ta zafafa iska, iskar ta kumbura farat ɗaya. Daga nan manyan raƙuma ke tasowa, tsawon kowanne ya haura kilomita 1,000, suna gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa, suna nufo tsakiyar duniya. Cikin 'yan sa'o'i sukan iso yankinmu.

Najeriya kuwa tana zaune a wuri mai wuyar sha'ani, domin layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa ta. A irin wannan yanki, bayan faɗuwar rana, wasu gurabe da cajinsu ya yi ƙaranci sukan buɗe a ayonosfiya kamar kumfa, su tarwatsa saƙon tauraron ɗan'adam kafin ya iso ƙasa. Masana suna ganin raƙuman iska na cikin abubuwan da ke kunna wannan kumfa, har da waɗanda hadarin daminarmu ke tayarwa. Ke nan daga waje ana turo mana, daga gida ma muna da namu.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗan kasuwar Bodija da wannan? Hausawan Ibadan, waɗanda unguwarsu ta Sabo ta kafu tun 1916, sun gina kasuwancinsu a kan nisa: shanu, wake, albasa da barkono daga Arewa, kuɗi da labarin farashi daga Kudu. A da, amana da wasiƙa ke riƙe wannan zare. Yau tirelar da ta taso daga Sakkwato ana bibiyar ta da GPS, ana biyan kuɗin kaya ta waya, kuma turakun sadarwa da dama suna daidaita agogonsu da taurarin da ke nisan kimanin kilomita 20,200. Duk wannan saƙo sai ya ratsa ayonosfiya. Dattawan da suka saba kama Rediyon Kaduna ko Sashen Hausa na BBC a gajeren zango sun san yadda murya kan dushe ta dawo. Samaniyar nan ce ke lanƙwaso saƙon zuwa ƙasa, ita ce kuma ke wasa da shi.

Ba a ce duk ranar da na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki a Bodija laifin rana ba ne. Yawanci rashin wuta ne ko yankewar waya. Matsalar ita ce, ƙasar da ba ta auna samaniyarta a kai a kai ba za ta iya bambance wannan da wancan ba, kuma inda kuskuren 'yan mitoci ke da haɗari, kamar saukar jirgin sama, safiyon filaye da ayyukan tsaro, rashin sanin yana da tsada.

Abin da ya kamata ya taɓa zuciya shi ne, tazara kaɗan daga Bodija aka fara wannan ilimi a ƙasar nan. Kwalejin Jami'a ta Ibadan tana cikin wuraren da suka auna ayonosfiya a shekarar binciken duniya ta 1957 zuwa 1958. Farfesan kimiyyar fiziks na lokacin, Norman Alexander, shi ne ya zama shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Ibadan ɗin ne kuma Cyril Onwumechili ya yi suna da nazarin wutar lantarkin da ke gudana a saman layin maganaɗisu. Wato tun kafin samun 'yancin kai, duniya na dogaro da ma'aunin da aka ɗauka a Ibadan.

Yau sauran ƙasashe sun yi nisa. Ƙasashen Turai suna da manyan na'urorin rada a Arewacin Norway domin wannan aiki. A Nuwamban 2023, NASA ta kai na'ura tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa musamman don kallon waɗannan raƙuma. Tun Nuwamban 2019 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, take fitar da gargaɗin yanayin samaniya ga matuƙa, kuma Afirka ta Kudu ce, da cibiyarta ta Hermanus, aka ɗora wa aikin yanki. Dalilin wannan himma a bayyane yake: a Fabrairun 2022, kumburin iskar sama bayan wata ƙaramar guguwa ya janyo wa kamfanin SpaceX asarar taurarin Starlink 38 cikin 49 da ya harba. Shekara guda bayan haka Starlink ya fara aiki a Najeriya.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar binciken yanayin sama a Anyigba ta Jihar Kogi. Jami'ar Ilorin tana da na'urar auna ayonosfiya. Ofishin Babban Safiyon Tarayya yana da tashoshin GPS na dindindin a sassan ƙasa, waɗanda bayanansu za su iya nuna motsin samaniya. Abin da ake buƙata shi ne zaren da zai ɗinke su: ofishi guda da doka ta ɗora wa alhakin tattara ma'auni dare da rana, ya aika gargaɗi ga hukumar kula da sararin jirage, hukumar sadarwa da rundunonin tsaro, kamar yadda NiMet ke yi kan ruwan sama.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta samaniya? Amsa ita ce kuɗin batir, hasken rana da intanet na tashoshin aunawa bai kai komai ba idan aka kwatanta da farashin tauraro guda. NigComSat-1R, wanda aka harba a Disamban 2011, an ƙera shi ne don aikin shekara 15, kuma duk wanda zai gaje shi a wannan samaniya zai yi aiki. Ga masu rubuta takardun majalisar zartarwa da masu tsara kasafin ma'aikatu, nan ne wurin sa hannu: layin kuɗin gudanarwa na kowace shekara, ba na sayen na'ura kaɗai ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.