A Bari Allura Ta Kai Tsakiya

A makon jiya na yi muku alkawarin za mu ɗan huta da zancen siyasa da tsadar kayan masarufi, to ga shi Allah ya kawo mu. Yau maganar faifan garmaho za mu yi, da wani zama da muke yi a nan birnin Ikko, da kuma wata ɓarna da na tafka, wadda har gobe in na tuna ta sai kunya ta rufe ni.

Saboda yaran da suka buɗe ido suka tarar da waƙa a cikin wayar hannu, bari in fara da ɗan bayani. Faifan garmaho wani baƙin faranti ne na roba, mai faɗi kamar faifan da iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi, daga nan ne ma ya sami sunansa a bakin Bahaushe. A kowace fuska tasa akwai siririn tsagi guda ɗaya tak, wanda ya nannaɗe tun daga baki har tsakiya. Allura ce ke bin tsagin nan tana karkarwa, na'ura kuma ta mayar da karkarwar sauti. Faya-fayan farko, masu juyawa sau 78 a minti ɗaya, ba su ɗaukar abin da ya wuce minti 3 zuwa 5 a fuska guda. Sai a shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda kowace fuskarsa kan ɗauki kimanin minti 22. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin a kansa dokar zamanmu ta ginu.

Zaman kuwa shi ne, duk Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan sallar La'asar, mu biyar mukan taru a gidan wani dattijo Bazazzagi wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa har ya yi ritaya. Dukkanmu Baba muke ce masa. Akwai injiniya a cikinmu, da malamin makaranta, da wani ɗan kasuwa, sai ni ɗan jarida, kuma ni ne ƙaraminsu. Kowa kan zo da faifan da ya fi ƙauna. Doka ɗaya ce, Baba ne ya kafa ta: wanda ya kawo faifai shi zai ɗora allura, ya faɗi dalilin da ya sa yake son sa a cikin kalmomi kaɗan, daga nan babu mai magana, babu mai taɓa waya, sai allura ta kai tsakiya. In ta kai, to, mai yabo ya yaba, mai suka ya soka.

Tun ranar farko aka ja daga. Ni da injiniya mutanen kiɗan rok ne, wato kiɗan nan na jita mai lantarki da ganguna wanda ya tashi a Amurka da Ingila. Ni na gaji akwati guda na irin faya-fayan nan daga kawuna, Allah ya jiƙansa. Baba da malamin makaranta kuwa mutanen kilasik ne, wato kiɗan manyan makaɗan Turai na dā, wanda ake rubutawa a takarda, sa'an nan taron makaɗa masu goge da sarewa da kakaki da tambura su bi rubutun a ƙarƙashin madugu ɗaya. Baba ya ce kiɗanmu bai bambanta da hayaniyar maƙera ba. Ni kuma, da rawar kai irin ta ƙuruciya, na ce nasu kiɗan rakiyar gawa ne. Gaskiyar magana ita ce, a lokacin babu ɗayanmu da ya taɓa zama ya saurari na ɗan'uwansa daga fari har ƙarshe.

Baba bai yi mini gardama ba. Ya tashi ya zaro wani faifai mai rawayan tambari na kamfanin Deutsche Grammophon. Simfoni na 5 ne na Beethoven, Bajamushen nan da ya zauna a Biyana, babban birnin Ostiriya, inda aka fara kaɗa shi a ranar 22 ga Disamba, 1808, lokacin da kunnen mai shi ya riga ya fara mutuwa. Makaɗan Biyana ne suka kaɗa na cikin faifan a 1974, madugunsu kuwa Carlos Kleiber. Baba ya ce da albashinsa ya saye shi a 1976.

Kiɗan ya buɗe da bugu huɗu, uku gajeru ɗaya dogo, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da gaggawa. Da a waya nake ji, da tun a minti na biyu na tura yatsa na wuce. Amma doka ta ɗaure ni. Ina zaune sai na lura ashe bugun nan huɗu shi ne tubalin ginin, masu goge su jefa wa masu busa, masu busa su dawo da shi, a juya shi a kifa shi. Da aka juya faifai, can wajen tsakiyar fuska ta biyu, sai komai ya lafa, ba ka jin komai sai tambari ɗaya yana bugawa a hankali kamar daga bayan gari, sa'an nan sauti ya yi ta taruwa yana hauhawa har ya fashe gaba ɗaya da kakaki. Wallahi abin da ya faɗo mini a rai shi ne fitowar sarki ranar hawan Salla, bayan jama'a sun gaji da jira a ƙofar fada. Da allura ta kai tsakiya aka ce in yi suka, na nemi abin faɗi na rasa.

Wata na biye na rama. Na kawo faifan ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila mai suna The Dark Side of the Moon, wanda ya fito a 1973, ya kuma yi makonni fiye da 700 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka. Yana buɗewa da bugun zuciyar ɗan Adam, ya rufe da shi. A tsakani akwai ƙarar agogai, akwai ƙarar akwatin kuɗin kanti, domin maganarsa duka a kan lokaci ne da kuɗi da hauka da mutuwa. Baba ya zauna ya haɗe rai, da agogan suka ɓarke har ya ɗan zabura. Amma a ƙarshen fuskar farko akwai wurin da wata mawaƙiya, Clare Torry, take rera murya zalla ba tare da kalma ko ɗaya ba, ta yi sama kamar za ta tsage, ta sauko a hankali. Da aka gama, Baba ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ɗana, wannan baiwar Allah ta san mutuwa." Duk muka sunkuyar da kai, don mun san bai fi shekara biyu da rasa uwargidansa ba. Bai ce yana son rok ba, har yau ma bai ce ba. Amma daga ranar bai ƙara ambaton maƙera ba.

Injiniya shi ma ya zo da nasa abin mamaki, wato Band on the Run na Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles. Mafi yawan faifan nan a Ikko aka ɗauke shi a 1973, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI da ke Apapa, unguwar da Baba ya yi aikinsa. A zuwan nan ne 'yan fashi suka tare McCartney da wuƙa suka ƙwace masa kaset-kaset na gwajin waƙoƙinsa. A nan ne kuma Fela ya zarge shi da cewa ya zo satar kiɗan Afirka ne, shi kuwa ya gayyaci Fela ya kunna masa abin da suke ɗauka, don ya ji da kunnensa. Baba ya yi dariya ya ce ashe Baturen ma ya san dokar gidansa.

Malamin makaranta ne ya kashe gardamar wane kiɗa ya fi wani. Ya tuna mana cewa a 1977 Amurka ta harba kumbo biyu masu suna Voyager, aka liƙa wa kowannensu faifan tagulla mai ruwan zinariya, ɗauke da sautukan duniya, ko da wata halitta za ta tsince shi. A cikin faifan akwai Bach, akwai kashin farko na wannan Simfoni na 5 na Beethoven, akwai kuma waƙar rok ta Chuck Berry. Ya ce tun da masana sun haɗa su a faifai ɗaya sun aika da su bayan taurari, mu su wane ne da za mu raba su a ɗakin Baba?

To, yanzu ga ɓarnar. Baba ba ya ba da aron faifai, kowa ya san haka. Amma ganin yadda na kamu da son Beethoven, ran nan ya miƙo mini faifan nan mai rawayan tambari ya ce in je in ji har wata ya zagayo. Ranar da zan mayar masa, na biya ofis da safe da niyyar in duba abu ɗaya in fito, na bar faifan a bayan mota daidai ƙarƙashin gilashi. Labari ya ɓarke, edita ya riƙe mu, ban fito ba sai bayan La'asar, kuma a cikin watan Maris ne. Robar faifai ba ta shiri da zafi. Da na zaro shi daga kwalinsa sai na tarar ya lanƙwashe kamar malafar da ruwa ya daka. Na ɗora a garmaho, allura ta yi ta hawa tana sauka, kiɗan yana tangaɗi kamar mashayi.

Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya raya mini dabara. Ana samun irin faifan, ba abin da zai hana in nemo wani in zura a tsohon kwalin in miƙa masa in yi shiru. Har na fara cigiya. Abin da ya tsayar da ni shi ne na tuna a fuskar farko, wajen kashi na biyu inda kiɗan ke tafiya a hankali, akwai wani ɗan ƙas, ƙas da allura kan yi sau biyar ko shida. Baba ya taɓa gaya mana babban ɗansa ne ya karce wurin da cokali yana ɗan shekara uku, kuma duk lokacin da aka zo wurin yakan yi murmushi. Wannan karce babu kantin da ke sayar da shi. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Na je na durƙusa na ajiye faifan a gabansa, na fara bayani ina inda-inda. Ya bi dokarsa a kaina, bai katse ni ba har na kai aya. Ya ɗauki faifan ya juya shi a hannu, ya shafa wurin karcen da ɗan yatsa, na ga idonsa ya kaɗa. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka yi mini asara, ba zan ce maka ba komai ba. Amma da ka kawo mini wani ka ce nawa ne, da yau ka bar zuwa gidan nan." Na ce, "Baba, a gafarce ni." Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na sayo masa sabo, ya karɓa ya sa albarka, amma lanƙwasasshen yana nan a kan kanta inda yake, bai jefar ba.

Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne, da wata ya zagayo sai ya sake miƙo mini aro, wannan karon har faifai biyu. Wani kiɗan Bach ne guda ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ya kaɗa shi da fiyano, Glenn Gould ɗan ƙasar Kanada. Na farko ya ɗauke shi a 1955 yana da shekara 22, ya gama cikin kimanin minti 38. Na biyu a 1981, shekara guda kafin rasuwarsa, ya ɗauke shi kimanin minti 51, har kana jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana bin kiɗan da guna-guni. Baba bai yi mini wani sharhi ba, cewa kawai ya yi in saurari na saurayin, in saurari na dattijon, in zo in gaya masa wanda ya fi sauri da wanda ya fi isa. Na gane saƙon. A hannu na rungumo su har gida.

Jama'a, na kawo wannan labari ne domin mu 'yan jarida, da ku masu karatu, duk mun kamu da ciwo ɗaya. Mukan karanta kan labari mu yanke hukunci, mukan ji rabin maganar mutum mu fara shirya amsa, a majalisar unguwa haka, a gidan aure haka, tsakanin ƙabila da ƙabila ma haka. Faifan garmaho ba shi da maɓallin tsallakewa mai sauƙi, shi ya sa yake tilasta wa mutum ya ba ɗan'uwansa minti 22 cur kafin ya buɗe baki. Ba lalle ne ka ƙare kana son abin da yake so ba. Amma za ka tashi ka san dalilin da ya sa yake son sa, kuma da wuya ka sake yi masa ba'a.

Masu cewa zamanin faifai ya wuce su sani cewa a 1987 ne rabon da a sayar da faifan garmaho fiye da faifan CD a Amurka, sai ga shi a 2022 ya sake shiga gaba, miliyan 41 a kan miliyan 33. Saboda haka duk wanda ke da akwatin mahaifinsa a ƙarƙashin gado, ko na Turawa ne a ciki, ko na Shata da Ɗan Maraya, kada ya bari a kai bola. A jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani. A kama su ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsagi. A nisanta su da rana, wannan kam ku karɓa daga bakin wanda ya ɗanɗana. In kuma an sami garmaho mai aiki, a kira maƙwabci a ji tare.

Ina jiran wasiƙunku. Kowa ya rubuto mana faifan da ya fi ƙauna, da wanda ya fara kunna masa shi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.