Kara ɗaya: tarkon da aka ɗana wa yaran Bodinga da Shagari



Duk sanda maganar taba sigari ta taso a tsakaninmu, sai wani ya kashe bakin zancen da cewa, "Ai ba wanda ya ɗaure mutum ya cusa masa ita a baki, wanda ya sha shi ya so." Mu ba mu yarda da wannan magana ba, kuma ga dalilinmu.

Ku tsaya a tashar Bodinga bayan magariba, ko a bakin titi a Shagari inda motocin Jega da Tambuwal ke ratsawa, ku dubi teburin mai sayar da alewa da ashana. Kwalin taba a buɗe yake, ana zarowa kara ɗaya-ɗaya. Wa ke saye? Akwai direba da ɗan kabu-kabu, gaskiya ne. Amma akwai yaron da ko gemu bai fara ba, wanda kuɗin kwali ya fi ƙarfinsa, kuɗin kara ɗaya kuwa canjin aike ya ishe shi. Ku tambayi duk dattijon da tari ke hana shi barci yau, yaushe ya fara? Da wuya ku ji wanda ya ce yana da shekara 30. Yawanci tun suna yara ne. To yaron da ba za mu ba shi ajiyar kuɗin rago ba, shi ne za mu ce ya zaɓar wa kansa ciwon huhu da hankalinsa?

Abin da ke cikin taba, wato nikotin, kama mutum yake yi. Masu kamfanonin sun san haka tun da daɗewa. A 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka, suka yi rantsuwa cewa ba su yarda nikotin na sa jaraba ba. Takardunsu na cikin gida da suka fito fili sun nuna akasin haka. A 1998 suka amince su biya jihohi 46 na ƙasar dala biliyan 206 cikin shekara 25. Mai gaskiya ba ya biyan irin wannan kuɗi don nishaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma tana iya hallaka rabin masu shanta da ba su daina ba. Cikin mamatan har da waɗanda ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa: matar gida, jariri a goye, yaron mai shayi.

Da kasuwa ta fara ƙunci a Turai da Amurka, ina aka dosa? Wajenmu. A 2003 kamfanin British American Tobacco ya buɗe katafariyar masana'anta a Ibadan, aka yi ta murnar an samu masu zuba jari. A 2007 jihohin Kano da Legas da Gombe suka kai kamfanonin taba kotu suna neman kuɗin jinyar mutanensu, shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A Disamban 2023 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan reshen kamfanin na Najeriya, bayan bincike kan saɓa dokokin gasar kasuwanci da na taƙaita taba. Kuɗi ne masu yawa. Amma wanda aka kwaso daga Danchadi ko Sifawa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ciwon daji a maƙogwaro, 'yan uwansa ne ke sayar da akuya da buhun gero su biya.

Za a ce ai kamfani ya yi gargaɗi, ga hoto mai ban tsoro a jikin kwali. To, wanda ya sayi kara ɗaya, ina ya ga kwalin? Kwalin na hannun mai tebur. Rubutun kuma da Turanci yake. Gargaɗin da ba ya isa ga wanda aka yi dominsa, wanke hannu ne kawai.

Abin takaicin shi ne doka tana nan. Dokar taƙaita taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara, sai kwali cikakke mai kara 20. A cikinmu wa ya taɓa ganin an hana mai tebur buɗe kwali? Mun tabbata da yawa daga cikin masu teburin ba su ma taɓa jin labarin dokar ba. Kuma ba su muke so a fara kamawa ba. Talaka ne mai neman na cefane, ribarsa a kwali ba ta taka kara ta karya ba. Wanda motarsa ke sauke katan-katan a hannun dillalai ya san sarai yadda kayansa ke ƙarewa a ƙauye, kuma ya san ba don kara ɗaya ba da cinikinsa ya ragu.

Mu ma da namu laifin, kada mu ɓoye. Mu ne ke aiken yaro, "Je ka sayo min biyu." Wani har cewa yake, "Kunno min a wurin mai shayi," yaro ya taho yana zuƙa don kada ta mutu a hanya. Wannan ba kamfani ya yi ba, uba ne ko wa ya yi.

Abin da muke nema ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Shugabannin ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari su sa ma'aikatan duba-gari su zagaya tasha da kasuwa su sanar da dokar da Hausa, a ba da wa'adi. Iyayenmu hakimai da limamai su faɗe ta a inda jama'a ke taruwa. Shugabannin direbobi da na 'yan kabu-kabu su hana sayar wa yara a cikin tashoshinsu. Za mu rubuta takarda ɗaya zuwa ga shugabannin biyu a wannan makon, duk mai son sa hannu ya ajiye sunansa da na garinsa.