Nasiha a Kan Wutar Rana da Amanar da Ke Cikinta

 Ya ku 'yan'uwa mutanen Zandam da ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, ku sani a shekarar 2022 hukumar Nijeriya ta fitar da tsari na komawa ga wutar rana da ta ruwa, a rage ƙona mai. Mun yarda da wannan nufi, kuma muna da hujja.

A watan Oktoba na 2024 aka lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Rana kuwa ba ta da waya balle ɓarawo ya yanke. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mai noman rani yana zuba rabonsa cikin injin ban-ruwa.

Amma alkawari kaya ne. A 2016 hukuma ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 su gina manyan tashoshin wutar rana, har da Jigawa, shekaru suka shuɗe aikin yana kan takarda. Dokar lantarki ta 2023 kuwa ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, saboda haka uzuri ya yanke ga shugabanninmu na Dutse.

Muna neman abu uku. Na fari, a fara da rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani da injin manomi, kana a zo ga fitilun titi, domin lalura tana gaba da ado. Na biyu, a ware kuɗin gyara tun ranar kafawa, gama faifan yana daɗewa, amma batir yana mutuwa cikin 'yan shekaru. Na uku, a koya wa samarinmu gyaransa, har da almajirai, kada fitila ta mutu a jira mai gyara daga Kano.

Mu ma akwai namu haƙƙin. Kayan nan dukiyar jama'a ne, hukuncinsu kamar na waƙafi. Wanda ya kwance batir da dare ya ci haram, wanda ya saya yana sane abokin tarayyarsa ne, mai unguwar da ya gani ya yi shiru za a tambaye shi. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari ranar Juma'a.

Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya ba mu ikon riƙon amana. Haza wassalamu.