Suna Linzami: Zuri'ar Macdonald

Duk ma'aikacin da ya taɓa zuwa birnin Pari wataƙila ya bi ta wani babban titi mai suna Macdonald. To, wane ne mai sunan?

Asalin sunan daga ƙasar Sikotlan yake, ma'anarsa kuwa "Ɗan Donald". Mai titin shi ne Etienne Macdonald, ɗan wani mai gudun hijira, wanda Napoleon ya ba muƙamin marshal bayan yaƙin Wagram a 1809. John Macdonald, haifaffen Gilasgo, shi ya zama firaministan Kanada na farko a 1867. Ramsay MacDonald kuwa, ɗan talakawa, ya riƙe gwamnatin Birtaniya a 1924, amma jam'iyyarsa ta ma'aikata ta kore shi a 1931.

Sai dai labarin da ya fi shafar ƴan kasuwa shi ne na wa da ƙane, Maurice da Richard McDonald. A 1940 suka buɗe gidan abinci a Kalifoniya, ciniki ya yi albarka. A 1961 suka sayar wa Ray Kroc kamfanin, har da sunan, a kan dalar Amurka miliyan 2 da dubu 700. Daga nan tilas suka cire sunan kakanninsu daga ƙofar shagonsu na farko, daga baya shagon ya rufe.

Saboda haka, Alhaji, in za ka sa hannu a takardar ciniki, duba da kyau ko sunanka na cikin hajar da ka sallama. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.