Kiɗan Na'ura da Neman Natsuwa a Aliero da Kewayenta

Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da ya toshe kunnuwansa da iyafis bayan la'asar, ko ɗan kasuwar Jega da ya kunna waya bayan ya tashi daga rumfa, ba lallai ne rawa yake nema ba, domin akwai nau'in kiɗan na'ura, wato wanda ake haɗawa da fiyano mai lantarki ko kwamfuta, da aka tsara shi musamman don kwantar da hankali. Sirrinsa shi ne tafiyar hawainiya da maimaita sauti ɗaya ba tare da waƙa ba, ta yadda numfashi ke lafawa, zuciya kuma ba ta samun kalmomin da za ta bi. Masu ɗaukar abin a matsayin baƙon Turai sun manta da Mamman Sani na Nijar, wanda ya naɗi kaset ɗinsa da ogan, wani nau'in fiyano mai lantarki, a Yamai a 1978, shekarar da Brian Eno na Ingila ya naɗi faifansa na irin wannan kiɗa, Music for Airports, kuma rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sanya sautin Mamman Sani tsakanin shirye-shirye. Malamai dai sun saɓa a kan hukuncin kiɗa, kuma manomi a Maiyama da ya fi samun sukuni da karatun Alƙur'ani bai rasa komai ba. Wanda ya zaɓi kiɗan kuwa ya rage ƙara, ya kuma cire iyafis kafin ya hau babur, domin titin Jega zuwa Aliero ba wurin lumshe ido ba ne.