Wa Ya Jawo Gaggawar?

Lokacin da Birtaniya ta shiga mamayar Iraƙi a 2003, ba a jima ba sojojinta suka koma sintiri cikin motar Snatch Land Rover, wadda aka ƙera domin titunan Ailan ta Arewa, ba ta da sulken da zai tare bama-baman da ake binnewa a gefen hanya. Sai a 2006, bayan an yi ta kwasar gawarwaki, aka yi odar motocin Mastiff ta ƙofar "buƙatar gaggawa", wato a taƙaita bincike, a ɗebo kuɗi daga ajiyar Baitulmali.

Babu mai hankalin da zai ce wanda ke fagen daga ya jira kwamiti. To amma wa ya jawo gaggawar? Ofishin binciken kuɗaɗen gwamnati ya bayyana a 2011 cewa fam miliyan 321 sun tafi a shirye-shiryen motocin sulke da aka soke ko aka dakatar tun 1998, alhali kuwa sayayyar gaggawa ta lashe fam biliyan 2.8 daga 2003. Ashe sakacin shekaru ne aka sanya wa rigar gaggawa! A ganinmu, nan ya wajaba majalisar dokoki ta tsananta bincike, tun kafin a tura 'ya'yan mutane.

Rahoton Chilcot na 2016 ya ce bai kamata a lamunci wannan jinkiri ba, kuma ba a fayyace mutum ko sashen da ke da alhakin gano giɓin ba. Ma'aikatar Tsaro guda, ga ministoci ga janar-janar, amma aka rasa mai cewa amanar a wuyansa take.